Kura a Dajin Falgore: Tarihin Mafarauciyar Dare ta Kudancin Kano

Matafiyin da ya bar titin Zariya a Kwanar Ɗangora ya nufi Jos, da ya wuce Tudun Wada zai ga gonakin masara da dawa sun fara ja da baya, doka da marke da kirya sun matso har bakin kwalta. Ya shiga Dajin Falgore ke nan, daji mai faɗin kusan murabba'in kilomita 920, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Kogin Kano ta cikinsa yake ketawa kafin ya zube a madatsar Tiga. A yau in aka ambaci Falgore, ɓarayin shanu da sansanin soja ne ke fara faɗo wa mutane a rai. Amma dajin yana da tsofaffin ma'abota da suka riga kowa zama a cikinsa: zaki, damisa, kyarkeci da kura. Duk abin da ya sami garuruwan kudancin Kano, yaƙi ne ko annoba ko zaman lafiya, sai da ya kai har bakin ramin kura.

Daga Dala zuwa 999

Masu tonon kayan tarihi sun gano alamun narka tama a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7. Wannan abu ne tabbatacce. Abin da ya biyo baya kuwa labarin baka ne, wanda aka rubuta daga baya a littafin tarihin sarakunan Kano. An ce Barbushe, na zuriyar Dala, ƙaton mutum ne kuma maharbi, wai da sanda yake kashe giwa ya ɗauko ta a ka ya yi tafiya mai nisa da ita. Ba wanda zai ɗauki wannan a matsayin abin da ya faru ƙeƙe-da-ƙeƙe. Duk da haka labarin ya nuna irin ƙasar da mutanen farko suka tuna: ƙasa mai manyan namun daji, inda maharbi yake da girma a idon jama'a. Bisa lissafin da aka saba, a 999 Bagauda ya kafa sarauta, daga nan gonaki suka yi ta cin dajin da ke kewaye da birni. Kudu mai nisa, wajen duwatsun Riruwai inda ake narka kuza, ita ce ta daɗe da kurminta. Ruwan sama ya fi yawa a can, ciyawar gamba tana shanye mutum, ƙudan tsando kuma yana korar shanu da sammore.

A wannan daji gwanki da kanki da mariya da gwambaza suke kiwo, mazo yana laɓe a bakin rafi, ɓauna da mugun dawa suna birgima a taɓo. Mai cin nama ba ya rasa abin kamawa.

Al'ada ta ba kura fuska biyu. A bori, Kure iska ne da ake shakka, kuma Maguzawan ƙasar Kano sun san shi sarai. A tatsuniya kuwa, kura wawuya ce, mai kwaɗayi, matsoraciya, wadda Gizo ke yi wa wayo kullum. Fuskar tatsuniya ce ta fi zama a zukatan mutane, har aka ɗauka kura ba ta da sana'a sai bin mushe da satar akuya. Wannan zalunci ne aka yi mata, kuma sai a ƙarni na 20 bincike ya wanke ta.

A shekarun 1960 wani masani ɗan ƙasar Holan, Hans Kruuk, ya yi ta bin kuraye dare da rana a Serengeti da Ngorongoro na Tanzaniya, ya fitar da littafinsa a 1972. Kurar da ya bi ita ce dai mai dabbare-dabbaren nan ta ƙasar Hausa, ba sayaki mai zane ba, wanda shi ne ya fi dogara da mushe. Ya tarar mafi yawan naman da kuraye ke ci su suka kashe abinsu, kuma a Ngorongoro sau da yawa zaki ne ke zuwa ya ƙwace musu.

Yadda take farautar ma abin kallo ne. Zaki da damisa kwanton ɓauna suke yi, su matso a ɓoye, su daka tsalle su shaƙe maƙogwaro. Damisa takan ja abin da ta kama ta hau bishiya da shi. Kura ba ta ɓuya. Sai ta shiga garke da sassarfa ta tarwatsa shi, ta tsaya tana duban yadda kowa ke gudu. Wanda ke ɗingishi, ko tsoho, ko ɗan da ya rabu da uwarsa, shi za ta sa a gaba. Tana iya gudun kilomita 60 a awa, amma makaminta na gaske shi ne rashin gajiya, don takan bi dabba kilomita uku, huɗu, har biyar. In numfashin dabbar ya ƙare, sai ta cije ta a cinya ko a mara ta kayar, ta farka cikin nan take. Kura ɗaya mai nauyin kilo 60 tana iya kayar da dabbar da ta ninka ta sau biyu ko uku. In abin ya fi ƙarfin ɗaya, dangi ke haɗuwa: Kruuk ya ga sukan fita su goma ko fiye in jakin dawa suka nufa. Gwanki, wanda babbansa kan haura kilo 250 ga ƙahoni masu lanƙwasa baya, ba abin da kura ɗaya za ta tunkara ba ne, sai dai ɗansa ko wanda ciwo ya kayar.

Wajen ci kuma babu na biyunta. Tana iya cinye kilo 14 a zama ɗaya. Turamen bakinta suna fasa ƙashin cinyar ɓauna ta sha ɓargon, cikinta ya narkar da ƙashin, ta amayar da gashi da kofato daga baya. Shi ya sa kashinta in ya bushe yake fari fat kamar alli, kuma da shi maharba ke gane iyakar yankin da take kewayawa. Mata ne shugabannin dangi, sun kuma fi maza girma. 'Ya'yanta da ido buɗe da haƙora ake haifarsu, amma sukan haura shekara suna shan nono. Uwar da za ta shayar tsawon wannan lokaci dole dajinta ya kasance da manyan dabbobi. Duk sauran tarihin a kan wannan buƙata ya rataya.

1807 zuwa 1902: yaƙin da ya raya daji

Jihadi ya taɓa wannan yanki kai tsaye. Bayan an ci Sarkin Kano Alwali da yaƙi, kudu ya nufa, kuma a Burumburum ta ƙasar Tudun Wada aka kashe shi wajen 1807. Da ƙura ta lafa, arewacin yankin ya bunƙasa. Baturen nan Hugh Clapperton, da ya biyo ta Bebeji daga Zariya a 1826, ya tarar da gari mai ganuwa, cike da jama'a da fatake.

Kudu maso gabas kuwa wani labari ne. A ƙarshen shekarun 1840 Malam Hamza da wasu malamai suka bar Tsakuwa saboda saɓani da hukumar Kano kan haraji, suka shiga duwatsun Ningi. Daga nan Ningawa suka shafe kusan rabin ƙarni suna kai hari kan iyakokin Kano da Bauchi da Zazzau, suna kama mutane, suna kora dabbobi. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, ya sha fita yaƙi da su, ya kuma ƙarfafa ribaɗoɗi a kudu. Talaka ya koma cikin ganuwa, noma ya tsaya a inda in an ji kuwwa za a iya rugawa gida. Gonakin nesa suka koma saura, saura ta koma kurmi. Tsakanin Kano da Ningi aka sami faffaɗan daji wanda ba mai kwana cikinsa sai maharbi da ɗan hari. Bala'in da ya raba mutane da gonakinsu shi ya ba gwanki da ɓauna wurin yaɗuwa, zaki da kura kuma suka bi su.

Maharban lokacin ba su da abin da zai ƙarar da daji. Kwari da baka ne, da dafin kwankwani, da tarko, sai bindigar toka ga wanda ya samu. Farautar gayya ta rani ce, bayan an kai amfani gida, kuma tana da shugabanni, Sarkin Baka da Sarkin Dawa, masu faɗin ranar fita da dajin da za a shiga. Damina tana sauka ciyawa ta rufe, namun daji su hayayyafa ba mai damunsu.

Babbar girgizar ba daga hannun mutum ta zo ba. A 1890 zuwa 1891 cutar bushiya, wadda ta shigo Afirka ta gabar Bahar Maliya, ta iso ƙasar Hausa. Fulani suka yi asarar mafi yawan shanunsu, har ana kiran shekarar da Sannu, saboda gaisuwar jaje da ta zama ruwan dare. Bushiya ba ta bar namun daji ba, domin tana kashe ɓauna da mugun dawa da mazo. Masu cin nama suka sami mushe har ya ishe su na ɗan lokaci, daga baya dajin ya yi musu fayau. Namun daji sun farfaɗo a hankali, don har lokacin akwai sararin da za su farfaɗo a ciki.

1903 zuwa 1960: zaman lafiya da doka

A 1902 ƙarfin Ningi ya karye da mutuwar sarkinta Ɗan Yaya. A ƙarshen Janairun 1903 rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Hare-hare suka ƙare, mutane suka fito daga ganuwa suka koma saurukan kakanninsu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa da auduga suka zama kuɗi, ga harajin da dole a biya da tsabar kuɗi. Gatari ya shiga daji ta kowace kusurwa. Makiyaya ma suka ƙara kutsawa kudu yayin da sassabe ke korar ƙudan tsando.

Turawa sun zo da dokar kare namun daji, amma dokar tana da 'yan lele da 'yan bora. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka sa wa hannu a Landan a 1900 ta jera dabbobin da za a kare, sannan ta ware wasu ta ce masu ɓarna ne, a rage yawansu. Zaki, damisa, kura da kyarkeci duk suna cikin wannan jeri. Yarjejeniyar ba ta fara aiki a hukumance ba, amma ruhinta ya shiga dokokin mulkin mallaka, ciki har da dokar namun daji ta Nijeriya ta 1916. Tunanin shi ne a adana gwanki don mai bindiga, a kawar da wanda ke rigansa ci.

Daular Ingila ta riga ta gwada wannan tunani a wani tsibiri mai nisa, Tasmaniya, kudu da Ostareliya, kuma abin da ya faru can ya isa darasi. Masu cin naman tsibirin dabbobi ne masu goyon 'ya'yansu a jakar ciki, dangin kangaru ta wannan fuska. Babbansu, mai zane-zane a gadon baya, Turawan farko har kura suka riƙa kiransa, daga baya aka fi saninsa da damisar Tasmaniya. Masu kiwon tumaki suka ɗora masa laifin duk asararsu. Daga 1888 zuwa 1909 gwamnati ta riƙa biyan fam ɗaya a kan kowane babba da aka kashe, ta biya fiye da sau 2,000. Sai a watan Yulin 1936 aka sa shi cikin dokar kariya, na ƙarshe da aka sani kuma ya mutu a gidan zu na Hobart ranar 7 ga Satumba na wannan shekara. Binciken baya-bayan nan ya nuna nauyinsa bai wuce kilo 17 ba a tsakaice, muƙamuƙinsa kuma ya fi dacewa da ƙananan dabbobi, wato yawancin laifin da aka kashe shi a kai ba nasa ba ne.

Ƙaraminsa, wanda Turawa suka laƙaba wa shaiɗanin Tasmaniya saboda kururuwarsa da dare, shi ya tsira, aka kare shi a 1941. Shi ne mai aikin kura a can. Namijinsa bai fi kilo 8 zuwa 12 ba, amma kansa da wuyansa sun yi wa jikinsa girma, cizonsa kuma yana fasa ƙashi. Yana son naman wambat, wata gajeriyar dabba mai kitse, mai haƙa rami, wadda kan kai kilo 30. Ƙarami ko mara lafiya yakan kama da kansa, babba kuwa galibi mushensa yake samu. Sai da yawansu su taru a kan mushen suna ja suna ihu, su cinye nama da fata da ƙashi, ɗaya yana iya cin kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin jikinsa a dare guda. Manoman da suka tsane shi daga baya sun gane yana share musu mushe daga makiyaya. Tun 1996 kuma wata cutar daji ta fuska, mai yaɗuwa ta cizo, ta kashe mafi yawansu.

A Kano, abin da ya ceci ragowar dajin kudu shi ne keɓe shi da aka yi a shekarun 1940 a matsayin gandun dajin Kogin Kano. Ba don zaki ko kura aka yi ba. An yi ne don itace da kuma kare mafarin kogi. Amma iyakar da malaman daji suka shata ita ce ta hana garma cinye wurin.

1967 zuwa 1985: Audu Bako, Tiga da fari

Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnanta na farko, Audu Bako, mutum ne mai son dabbobi da ruwa. A ƙarshen shekarun 1960 aka ɗaga gandun ya zama wurin adana namun daji, wanda aka sani da Falgore. A zamaninsa aka buɗe gidan zu na Kano, aka gina otal a bakin tafkin Bagauda a ƙasar Bebeji, aka kuma gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974. Burin shi ne baƙo ya kwana a Bagauda ko Tiga, ya wayi gari yana kallon gwanki a Falgore, yadda ake yi a Yankari tun da aka buɗe ta ga masu ziyara a 1962. Ta gabas kuma dajin yana maƙwabtaka da gandun Lame-Burra na Bauchi, don haka dabbobi suna da hanyar kai da komo.

Tiga alheri ce ga manoman rani na Kadawa da Kura da Bunkure, ba mai musun wannan. Amma ruwanta ya shanye fadamu da ƙauyuka, mutanen da aka tasa suka nemi sabuwar ƙasa, masunta da 'yan kasuwa suka taru a bakin tafki, dab da arewacin gandun. Farin 1972 zuwa 1974 ya koro makiyaya daga arewa, na 1983 zuwa 1985 ya ƙaro wasu, bushiya kuma ta sake ɓarkewa a 1983. Falgore, mai ciyawa da ruwa har cikin bazara, ta zama mafakar garkuna. Saniya da kanki ciyawa ɗaya suke ci, mashaya ɗaya suke sha, kuma saniya tana da mai tsaronta.

A daidai wannan lokaci farauta ta sauya kama. Bindigar zamani da fitilar goshi da mota suka maye gurbin kwari da baka, naman daji ya zama hajar sayarwa a bakin titi da birane, ba a kuma jiran rani. Manyan dabbobin da ke haihuwar ɗa ɗaya a shekara su suka fara ƙarewa.

Daga nan abin ya bi hanyar da ya bi a ko'ina. Zakin da ya rasa ɓauna ya koma kan saniya, kurar da ta rasa kanki ta koma kan maraƙi da jaki da akuya. Bafulatanin da ya wayi gari ya ga ragowar ƙashin karsanarsa ba za a ce masa ya yi haƙuri ba, domin ita ce dukiyarsa, ba kuma mai biyansa diyya. Maganin da ya fi sauƙi shi ne a barbaɗa gubar ƙwari a mushen a bar shi. Dabbar da ba ta barin ko ƙashi ita ce ta fi saurin faɗawa wannan tarko, kuma mushe ɗaya yana iya hallaka dangi guda, ya haɗa da dila da ungulaye. Ƙwarewar kura wajen ci ita ta zama ajalinta.

1990 zuwa 2020

Shekarun da suka biyo baya na sare itace ne da gawayi da ƙarancin ma'aikatan tsaro. Zaki ya ƙaurace wa kusan duk dazuzzukan Arewa. Wani bincike da aka buga a 2014 ya ƙiyasta zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma gaba ɗaya ba su wuce 400 da 'yan kai ba, na Nijeriya kuma ba su kai 50 ba, a Yankari da Kainji kaɗai. Kyarkeci, mai buƙatar daji mafi faɗi, ya riga zaki tafiya. Ungulun da a da ke cika mahautan Kano ta shiga jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a 2015, saboda guba da kuma cinikin sassan jikinta. Kura ta fi su jurewa, don tana iya rayuwa a gefen mutane da abin da suka zubar, amma ita ma ana farautarta don haɗin magani da kuma wasan gardawa. Yaran Bebeji da Kiru da yawa ba su taɓa jin kukanta da dare ba. Wadda suka sani ita ce mai takunkumi da sarƙa ranar kasuwa, wadda aka yi wa karin maganar nan, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Dajin da hukuma ta yi sakaci da shi bai zauna babu mai shi ba. Wajen 2015 Falgore ta yi ƙaurin suna da satar shanu da garkuwa da mutane, direbobin hanyar Jos suna gudun bin ta da dare. A 2017 rundunar soja, ƙarƙashin Laftanar Janar Tukur Buratai, ta kai atisayen Harbin Kunama na biyu dajin, ta kuma mai da wani sashensa filin horo. Gwamnatin Kano ta Abdullahi Ganduje ta gayyaci makiyaya su zo Kano su zauna, ta kafa musu matsuguni a dajin Ɗansoshiya na ƙasar Kiru a 2020. A ƙarshen wannan shekara gwamnatin tarayya ta sanar da Falgore cikin sabbin gandayen ƙasa guda 10 da Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da su, tare da Kogo ta Katsina da Baturiya ta Jigawa.

Sanarwar abin farin ciki ce, amma suna kaɗai ba ya mai da dabba daji. Aikin yana da jeri, kuma ba a tsallake mataki. Sai makiyayi ya sami burtali da mashaya da makiyayar da za ta ishe shi a wajen gandun, sannan ciyawar ciki za ta huta. Sai an sami ma'aikata masu albashi da kayan aiki, waɗanda 'ya'yan maharban Doguwa da Tudun Wada ne suka fi cancanta da zama cikinsu don sun san kowane kwazazzabo, sannan gwanki da mariya za su yawaita. Sai an bar hanyar da ta haɗa Falgore da Lame-Burra a buɗe, an kuma tanadi diyya ga wanda aka kashe wa maraƙi, kafin a sa ran zai bar guba a shagon maganin ƙwari.